Muhawara: Su wane ne makafin?

Ɗan Mabera: Jama'a, abin ya ishe ni. Na tambayi kawuna dalilin da ya sa dole ƙanena ya ci bashi don cika akwatunan lefe alhali mai gidan haya yana binsa kuɗi, sai ya ce haka muka tarar. Da ana karanta falsafa a garin nan da mun daina bin al'ada kamar makafi, domin aikinta shi ne ta sa mutum ya nemi hujjar abin da ya tashi ya ga ana yi.

Dattijon Kanwuri: Yaro, iyayen da suka haife ka ne makafi? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Tahafutul Falasifa ya rushe maganganun mutanen da kake tinƙaho da su.

Malama Runjin Sambo: Allah ya gafarta Malam, abin da Gazali ya soka wasu mas'aloli ne na aƙida, kamar cewa duniya ba ta da farko, amma manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja ta hankali, bai yar da shi ba, kuma masanin falsafa Ibn Rushdi ya mayar masa da martani a littafi guda. A nan ƙasar Sakkwato ma, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, ya yi rubutu a kan falsafa.

Dattijon Kanwuri: Hajiya, ban ce ba a yi ba. Shin ɗan Tafa ya taɓa kiran kawunsa makaho?

Ɗan Gidan Igwai: Ni ƙanwata ba ta gani, kuma ta sauke Alƙur'ani. Mayar da lalurarta abin zagi shi ma al'ada ce da mai falsafar tamu bai bincika ba.

Ɗan Mabera: Yaya, ban nufi masu lalura ba, kuma har yanzu babu wanda ya taɓa maganar lefen.

Dattijon Kanwuri: Ɗaliban jami'a ke nan, shekara biyu a aji sai su raina zaure.

Malama Runjin Sambo: A zauren ne aka karantar da mahaifina manɗiƙi, Malam.

Taƙaitawa daga almajirin Dattijo: An tabbatar cewa Ɗan Mabera ya zagi iyaye kuma bai nemi afuwa ba. Malam ya kawo hujja daga Gazali, wata baiwar Allah kuma ta ambaci wasu sunaye. Batun lefe ba wurinsa ba ne nan.