Neman kalmar Hausa: wurin gwada manhajojin ofis kafin ƙaurar domen

Salamu alaikum 'yan'uwa masu aikin kwamfuta da malamanmu na Hausa a nan Zariya, dan Allah ina neman taimakonku da kalma ɗaya. Wannan abin da turawa ke cewa test environment, wasu su ce staging, wasu kuma sandbox, wato inda ake kwafo sabobi (server, kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima) da manhajojin ofis a gwada su can gefe kafin a taɓa na ainihi. Takardar bayani nake rubutawa da Hausa saboda yaran da muke koya wa aiki da kuma masu ofisoshi da ba sa son dogon turanci, duk sanda na iso wajen nan sai alƙalami ya tsaya.

Bari in faɗi aikin tukuna don ku ji nauyin da kalmar za ta ɗauka. Ofis yana da domen, wato Active Directory na Microsoft da ya fito tare da Windows 2000, shi ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa da izinin da aka ba shi, wa zai buɗe wace folda, wa zai shiga manhajar albashi. To in kamfani ya sauya suna, ko biyu suka haɗe, ko tsohon domen ɗin ya cika da tarkace, sai a ce za a kwashe kowa a kai sabo. Kwashe mutane da kwamfutoci ba shi ke kayar da ma'aikaci ba, akwai ADMT, manhajar Microsoft ta kwashe asusu daga domen zuwa domen, da ire-irensa masu yin wannan. Manhajojin kasuwanci su ne rigimar. Kowane asusu yana da wata lamba da ake kira SID, kuma in ya je sabon domen sabuwar lamba ake ba shi, shi kuwa SQL Server, manhajar da ke riƙe rumbun bayanai, da izinin folda lambar suke dubawa ba sunan ba, sai ka ga akanta ya shiga kwamfutarsa lafiya lau amma manhajar lissafi ta ce ba ta san shi ba, sai in an taho masa da tsohuwar lambar a tarihin asusunsa ko an sake ba shi izini da hannu. Ga kuma asusun da manhaja ke tashi da shi a ɓoye wanda wani ya buɗe shekaru da suka wuce ya bar aiki ba wanda ya san kalmar sirrin, ga wadda aka rubuta sunan tsohon domen a cikin fayil ɗin saitinta, ga wadda lasisinta ke ɗaure da sunan saba, kana canza suna ta kulle. Duk waɗannan ba ka ganinsu a takarda wallahi, sai ka kunna abin ka gani da idonka.

Shi ya sa ake yin kwafi. Amma ga inda nake so ku tsaya da kyau: kwafin nan sunansa ɗaya da na ainihi, adireshinsa ɗaya, lambobinsa ɗaya. In ka ta da kwafin sabar da ke mulkin domen ya hango netwok na ainihi, biyu ne ke amsa suna ɗaya, kuma abin da ka goge da sunan gwaji zai iya bin layi ya shiga sauran sabobin. In kwafin manhajar albashi ko ta kwastomomi ta samu hanyar fita intanet, ita ba ta san gwaji ake ba, za ta tura imel da tes ga mutane na gaske ta ce ana bin su bashi. Saboda haka ake saka su a suwic na cikin gida a Hyper-V ko VMware (manhajojin da ke ta da kwamfuta a cikin kwamfuta) wanda ba a jona shi da katin netwok ba, da DNS nasu na kansu, wato mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta, ba ƙofar fita ko ɗaya. Kalmar da nake nema dole ta faɗi wannan, yaro yana jin ta ya san ba a jona wayar netwok a nan.

Na ga shawarwari sun fara shigowa, Allah ya saka da alheri, bari in bi su.

Akwatin yashi, a'a ɗan'uwa. Fassarar sandbox ce kai tsaye kuma Bahaushe in ya ji yashi tifa yake tunawa da gini.

Ɗakin gwaje-gwaje shi ne wanda ya fi samun ƙuri'a kuma ba laifi ne da shi a nahawu ba, sai dai in ka faɗa wa mai ofis a PZ ko Sabon Gari cewa manhajarsa na ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ɗibar jini a asibitin Shika zai zo masa a rai. Sannan ɗaki ai ana shiga ana fita, ba abin da ya nuna an yanke shi daga sauran gida.

Wani yayanmu da ke aikin gona a Samaru ya kawo gonar gwaji, kuma gaskiya ta shige ni sosai, na daɗe ina juya ta. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san filayen gwaji na cibiyar binciken aikin gona ta IAR, ba a raba wa manoma iri sai an gwada shi a can. Ya ma ƙara da cewa masu fitar da irin masara sai sun nisanta gonarsu da sauran gonakin masara don iska na ɗaukar garin bununi ta kai wa maƙwabta, iri ya gauraye. To yaya ai wannan nisantawar ita ce ainihin abin da nake nema, kuma ita ce ba ta fito a cikin kalmar gonar gwaji ba. Kai da ka san aikin ka san da ita, yaron da ya zo koyon aiki daga foli bai sani ba, shi dai zai ji gona ce da ake gwaji.

Atisaye kuma da wata 'yar'uwa ta kawo, na karɓa amma ga wani gurbi daban. Akwai ranar da ake bin dukkan matakan ƙaurar daga farko har ƙarshe ana duba agogo don a san ko daren Juma'a zuwa Lahadi zai isa, wannan shi ne atisayen ƙaura, ya zauna daram. Wurin da ake yin atisayen ne har yanzu ba shi da suna.

Sai wani malaminmu na Hausa ya ce me zai hana a ɗauko killace. Ranka ya daɗe ina ganin ka gama magana. Tun korona a 2020 ba wanda bai san cibiyar killacewa ba, har tsofaffi a cikin birni, kuma kowa ya san ma'anarta ita ce na ciki ba ya cuɗanya da na waje. Na ga masu cewa kalmar tana warin ciwo, ni ban yarda ba, ta girmi korona nesa ba kusa ba, ana killace fili, ana killace dabbobi kada su shiga gonar mutane. Wani ya ce keɓantacce ya fi daɗi a baki. Ya fi daɗi kam, amma abin da aka keɓe an ware shi ne kawai, kamar kujerar da aka keɓe wa baƙo, killacewa kuwa sai da shinge. Malam ya kuma gyara mana ginin kalmar, in wurin ake nufi a ce killataccen wurin gwaji, in aikin ne a ce gwaji a killace. Na gwada su a baki kuma suna tafiya: kun gwada manhajar albashi a killace? Kada a taɓa domen sai an gama gwaji a killace. Har umarni ma tana bayarwa, killace shi tukuna kafin ka kunna, abin da sauran kalmomin suka kasa ke nan.

Kuma ta rufe wani ɓangare da ban ma ambata ba a sama. Kwafin nan bayanan mutane na gaske ne a cikinsa, sunaye da lambobin asusun banki da albashi, ga dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, ba ta ce don gwaji ake yi a bar shi a laftof ɗin kowa ba. In mun ce a killace yake, ya haɗa har da wa aka yarda ya shiga da kuma goge shi in an gama.

Ga wanda ya tambaya me ya sa kwafinsa ke ƙin shiga domen a wurin gwaji: duba abu biyu. Kwamfutocin da ke cikin domen suna sauya kalmar sirrinsu da kansu duk kwana 30, in kwafin sabar domen ɗinka tsoho ne na sabar manhaja kuma sabo ba za su gane juna ba, ka kwafe su rana ɗaya. Na biyu agogo, Kerberos, tsarin da domen ke tantance masu shiga da shi, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5, kuma tunda ba intanet a ciki sai ka saita musu lokaci da kanka.

Sauran kalmomin ban ga abin ja ba. Domen a bar shi domen, gunduma da masarauta duk sun yi nisa da abin. Kwashewar kuma ƙaura ce, hijira tana da nata matsayin a addini ban so mu ja ta zuwa nan.

To a takarda zan rubuta killataccen wurin gwaji, da gwaji a killace, da atisayen ƙaura. Saura rollback, wato shirin mayar da komai kan tsohon domen in ƙaura ta ƙi. An ce min komawa gidan jiya, amma wannan Bahaushe yana faɗarsa ne in abu ya lalace, mu kuwa shiri ne da ake tanada tun kafin a fara, har da ajiyar kwafi da aka tabbatar tana buɗuwa. Malam da sauran 'yan'uwa, me kuka gani?