Da gaske ne Columbo idon gilashi gare shi?

Baban Yaro, Mabera:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda sunka san shirye-shiryen talabijin na Amurka na da, da gaske ne Peter Falk, wanda ya fito a Columbo, shirin nan na ɗan sanda mai binciken kisan kai, ido ɗaya gare shi? Ina da dalilin tambaya. Bara anka cire wa yarona ido saboda ciwon daji, shekarunsa biyar. Yanzu ya ƙi zuwa Islamiyya, wai yara na kiransa mai ido guda. Shekaranjiya ya tambayi uwarsa ko mai ido ɗaya na zama wani abu in ya girma. Ɗaki ta shige tana kuka. Ban-haƙurin baki ya ƙare mini, mutum nake son in nuna masa ya gani.

Malamin Firamare, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Gaskiya ne, Malam. A New York anka haifi Peter Falk a 1927, yana ɗan shekara uku anka cire masa idon dama, shi ma ciwon daji ne. Soja sun ƙi ɗaukarsa saboda idon, sai ya shiga jirgin ruwan 'yan kasuwa yana dafa abinci. Daga baya ya yi digiri na biyu a Jami'ar Syracuse, ya yi aikin gwamnati a ofishin kasafin kuɗi na jihar Connecticut, ya ajiye ya koma wasan kwaikwayo. Ya fara fitowa a Columbo a 1968, bai sauka ba sai 2003, ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, har sau huɗu da shirin. Wannan kallon nasa na ƙanƙance ido, da tsohon kwat duk ya yamutse, su mutane sunka fi tunawa. Ya rasu a 2011.

Hajiya, Gawon Nama:
Ƙanena, ka nuna masa, amma ka fara zuwa wurin malamin Islamiyyar. Yara na jin maganar malam fiye da tamu. Kuma kar ku yi wasa da ranar komawa asibiti, irin wannan ciwon na iya taɓa ɗayan idon. In kun ga wani fari na sheƙi a ƙwayar idon kamar na mussa da dare, ku tafi a ranar.

Baban Yaro, Mabera:
Na gode, Yaya Hajiya, na gode Malam. Bayan magariba mun kalla a wayata. Bai ji Turancin ba, ya dai matso da fuska yana neman wanne ne na gilashin. Sau biyu yana nuna na hagu. Gobe da la'asar ni zan kai shi makarantar da kaina.