Ruwan famfo a Ajah ba ya kumfa, sai tsatsa da zartsi: wace na'ura ta dace?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Gida ne a Ajah, Legas, ruwan famfonsa daga rijiyar burtsatse yake hawa tanki. Sabulu ba ya kumfa, farin kaya yana komawa ruwan ɗorawa, kan famfo na tsatsa, kuma akwai ɗan zartsi a baki. Mai gyaran famfo ya ce a sayi na'urar nan mai cin gishiri da ke tausasa ruwa. Ita ce maganin?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. A dakata da saye, domin matsala uku ka lissafa, na'urar kuwa ɗaya take magancewa.

Ruwa mai cin sabulu, wanda ake cewa yana da tauri, sinadaran kalsiyam da magniziyam ne suka yi masa yawa. Ƙasa da miligiram 60 a lita ruwa ne mai laushi, sama da 180 ya yi tauri sosai, ma'aunin ruwan sha na Najeriya kuma ya tsaya a 150. Alamarsa farin ɓawo a gindin butar shayi. Abin da na'urar take yi shi ne ta kama kalsiyam ta saki sodiyam a madadinsa, don haka ba ta rage zartsi ko kaɗan.

Yankin Lekki da Ajah yashi ne tsakanin teku da tafkin Legas, ruwan daɗi yana kwance a kan na gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. A lissafi, idan injin ja ya sauke ruwan daɗin da mita 1, na gishirin zai iya tasowa kusan mita 40. Ruwan teku na ɗauke da kulorayid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, wajen miligiram 19,000 a lita, iyakar ruwan sha kuwa 250. Ka ga ko kashi 2 cikin 100 ya shiga rijiya, an wuce iyaka. Ruwan tekun yana zuwa da magniziyam, shi ya sa kumfa ke mutuwa. Tafasawa ƙara tattara gishirin take yi.

A kai samfur ɗakin gwaji a auna pH (ma'aunin tsamin ruwa), TDS (jimillar sinadaran da suka narke a ruwa), tauri, ƙarfe, kulorayid, naitiret da ƙwayar E. coli mai nuna gurɓatar ba-haya. A bar injin ya yi minti 10 yana zuba, a ɗiba a kwalbar da ɗakin gwajin ya bayar, a sa cikin ƙanƙara, ta isa kafin awa 6.

Mai Famfo Agege:
Kafin sakamako ya fito, Alhaji, a cika farin bokiti a bar shi a buɗe ya kwana. In ruwan ya fito garau, da safe aka tarar ya yi ja da laka a ƙasa, ƙarfe ne. Daga miligiram 0.3 a lita yake fara ɓata kaya. In tun farko kalar shayi gare shi kuma bai kwanta ba, ruɓaɓɓen ganyen fadama ne, wannan aikin gawayin tacewa ne.

Jerin aikin yana da muhimmanci, nan ne ake yawan asarar kuɗi. Da farko ruwa ya sha iska, ya zubo ta bututu mai huje-huje cikin tankin farko ya kwanta. Idan pH bai kai 6.5 ba, abin da ake yawan gani a rijiyoyin Legas, sai an ɗaga shi zuwa wajen 7, in ba haka ba ƙarfen ba zai kwanta da wuri ba. Sai matatar yashi, sai ta gawayi. Ana wanke su da juya ruwa baya aƙalla sau ɗaya a mako, har ya fito fari.

Zartsi kuwa sai na'urar RO, mai matsa ruwa ta cikin siririyar fata don cire gishiri, ita ce ta ƙarshe, kuma a famfon kicin kaɗai don sha da girki. Ƙananan na gida suna zubar da lita 2 zuwa 4 kafin su ba da lita 1. Ƙarfe yana toshe fatar tacewarta, kulorin yana cinye ta, saboda haka kada a tsallake yashi da gawayi.

Maman Asibiti:
Allah ya saka, amma abin da ya fi damuna ba ya da ɗanɗano. Tauri ba ya kwantar da yaro, ruwan masai yana kwantarwa. A ƙasa mai yashi da ruwa kusa, rijiya ta yi nisan mita 30 da ramin sokawe. Ko ruwan gwamnati na Iju da Adiyan, da ake tacewa daga kogin Ogun, yana iya gurɓata a hanya: in aka ɗauke ruwa, fasasshen bututun da ya bi ta kwata yana zuƙo ƙazanta. Alƙalamin auna TDS ba ya ganin ƙwayar cuta.

A tankin lita 1,000 na ruwan da aka riga aka tace, a zuba mililita 50 zuwa 60 na bilicin wanki mai ƙarfin kashi 3.5, marar turare, a jira minti 30. Ragowar kulorin a bakin famfo ta kasance miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita.

Injiniyan Ruwa:
Ƙari ɗaya Malam: a rage ƙarfin ja. Ƙaramin inji mai aiki a hankali ya fi babba mai cika tanki nan take. Kuma kada a ƙara zurfin rijiyar da ka, sai an duba bayanan haƙar rijiyoyin maƙwabta, don 'yan mitoci kaɗan na iya kai ta cikin gishirin.