Wa ya taɓa jin kamar ana binsa cikin duhu?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani masani Ba'amurke, Justin Barrett, yana cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam na saurin zaton akwai wani da zarar ciyawa ta motsa. Hujjarsa: zamanin da ake kwana a daji, wanda ya zaci iska kura ce, gudu kawai ya sha, wanda ya zaci kura iska ce bai koma gida ba. Wai daga nan yarda da abin da ba a gani ta kafu. Ku faɗa mana abin da ya same ku da kanku.

Manomi daga Mai'aduwa:
Wa alaikumus salam. Ina dawowa daga gona bayan magariba, ina isa gindin tsamiya tsigar jikina ta tashi. Ba motsi, ba sauti, amma na rantse ana kallona. Ayatul Kursiyyu na ja har bakin gari.

'Yar Daura:
Ni a rijiyar Kusugu ce, ina yarinya. Na leƙa, ƙafafuna suka riƙe, alhali da rana tsaka ne. Amma fa kakata ta riga ta cika mini kunne da macijin nan Sarki, mai hana ɗiban ruwa sai Juma'a, har Bayajidda ya kashe shi. Tsorona a baki aka shuka shi. Ɗana, wannan masanin ya lissafa da labarin kakanni kuwa?

Malamin Islamiyya, Ƙofar Marusa:
Hajiya, kin yi tambaya. Ni ma nakan ji wannan tsoron idan na bi gefen maƙabarta zuwa sallar asuba. Aljanu gaskiya ne, sura guda aka saukar da sunansu, kuma kowane jariri kan fiɗira ake haihuwarsa. Masana su bayyana yadda zuciya ke faɗakuwa, ba laifi. Wannan bai ce ba kowa a wurin ba.

Ɗalibar tarihi:
Malam, ni ba tsoro na ji ba. Yamma ta riske mu a tuddan kaburburan Durɓi Takusheyi, wajen Mani, inda aka tono manyan da aka binne da kayan adonsu. Sai na tuna kogon Qafzeh kusa da garin Nazarat a Isra'ila, inda aka binne mutane da jar ƙasa kimanin shekara 100,000 da suka wuce. Mai gudun kura ba ya tsayawa yi wa gawa ado. Yaya Ɗan Ƙofar Sauri, me Barrett ya ce kan wannan?