Malam ya ce mu zaɓa, yanzu ya ce mu yi haƙuri: in sake binsa?

Mai Allura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina neman shawarar manya da masu ilimi.

Ni tela ne a Zariya, shekarata goma sha tara a kan keken ɗinki. Gab da zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, limamin unguwarmu ya yi huɗuba uku a jere kan tikitin Musulmi da Musulmi, wato ɗan takarar shugaban ƙasa da mataimakinsa duk Musulmi, ya ce kare addini ne. Ban yi musu ba. A gabansa na sauke Alƙur'ani, shi ya ɗaura mini aure, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ko na mota babu a aljihuna, haka na taka da ƙafa, na bi layi tun safe har azahar na dangwala.

Ranar 29 ga Mayu ina shago, rediyo a kunne, na ji sabon shugaban ƙasa Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 a cikin makon, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. Da janareta nake aiki idan an ɗauke wuta. Na sayar da injin surfani, na sallami yara biyu masu koyon aiki saboda kuɗin abincin ranarsu ya gagare ni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani bawan Allah da a da yake kawo shadda kala bakwai duk sallah. Ya zo bayan magariba da tsohuwar rigarsa a leda, ya ce in rage wa ɗansa, kansa a sunkuye.

Juma'ar da ta wuce Malam ya ce tsadar nan zunubanmu ne, mu tuba mu yi haƙuri. Wallahi na yarda da tuba. Amma ko kalma ɗaya bai faɗa wa masu mulki ba. Shin idan 2027 ta zo ya sake nuna mana ɗan takara, na yi laifi a wurin Allah in na ƙi? Kuma ya dace in same shi in gaya masa raina ya sosu?

Ɗalibin Ilimi:

Wa alaikumus salam. Allah Ya yaye maka, ɗan uwa. Ka bambance abu biyu. Idan Malam ya karantar da kai hukuncin salla ko gado da hujja, ka bi. Cewa wane ya fi wane cancanta kuwa hasashensa ne, yana iya dacewa yana iya kuskure, kuma saɓa masa a nan ba zunubi ba ne.

Ayar da ake yawan jawowa, ta 11 a Suratur Ra'ad, cewa Allah ba Ya canza halin mutane sai sun canza abin da ke ransu, gaskiya ce. Sai dai gwamna da minista su ma suna cikin mutanen. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Ka je wurinsa kai kaɗai, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, sannan ka faɗi damuwarka. Ban da tsayar da shi a gaban jama'a.

Uwar Biyar:

Malam Mai Allura, ni zan ɗan kare liman kaɗan. Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce za su cire tallafin nan tun a yaƙin neman zaɓe, kuma kasafin da Buhari ya bari kuɗin tallafin wata shida kawai aka sa a ciki. Mu ne ba mu saurara ba, hankalinmu na kan wane namu ne.

Ina koyarwa a firamare a Kaduna. Maƙwabciyata Kirista ce, ita ma a cocinsu an nuna musu wanda za su zaɓa. Yanzu tare muke haɗa kuɗi mu sayi buhun masara mu raba, ta riƙe bakin buhu ina aunawa. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, amma kuɗin mota da na gawayi sun cinye ƙarin tun kafin ya shigo hannu. Mu mata kuma da atamfa da taliya ake zuwar mana ana gobe zaɓe. Na taɓa karɓa, kuma har yau ina nadama.

Dattijon Fagge:

Ɗana, kada ɓacin rai ya sa ka jefar da katinka. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista a 2023, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan 25 ba. Masu zaman gida sun bar wa wasu yanka da rabo.

Malami da siyasa ba yau suka haɗu ba. Malam Aminu Kano malami ne, yana tafsiri, kuma da wannan ilimin ya tsaya wa talaka tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Ina saurayi a 1979 lokacin da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Na ga mahaifina, wanda duk shekara sai ya sayar da akuya ya biya, ya zauna a zaure yana share hawaye. Irin malamin da nake bi ke nan, wanda idan ya ce talaka ya yi haƙuri zai juya ya ce mai mulki ya ji tsoron Allah.

'Yata Uwar Biyar, maganarki gaskiya ce, amma cirewa daban, yadda aka cire daban. A Janairun 2012 an cire tallafi, litar mai ta kai naira 141 daga 65, jama'a suka tashi, aka dawo da ita 97. Sannan ku daina kallon Abuja kaɗai. Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Wa ya taɓa tambayar kansilan mazaɓarsa nawa ya shigo?

Mai Allura:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, ko sunan kansilanmu ban riƙe ba, zan nema. Malam kuma akwai jallabiyarsa a wurina da nake gyara wa wuya. Gobe bayan isha'i zan kai masa da kaina, in zauna har mutane su watse.