Shin Fina-finan Kaset ne Suka Farfaɗo da Sinimar Japan?

Malam Mai Bidiyo: Ina nan a kan bakana cewa da ba don fina-finan da ake kai wa shagunan haya kai tsaye ba, da Japan ba ta samu daraktocin da duniya ta san ta da su a shekarun 1990 ba. Kamfanin Toei ne ya buɗe wannan kasuwa a 1989 da sunan V-Cinema, kuma da yake kuɗin aikin kaɗan ne, furodusa ba ya tsananta wa darakta muddin akwai bindiga da fuskar jarumi a bangon kaset. A cikin wannan sarari Takashi Miike ya fara ba da umarni a 1991.

Hajiya 'Yar Damagaram: Malam, ka yi haƙuri, amma ka ba kaset abin da ba nasa ba. Takeshi Kitano, wanda fim ɗinsa Hana-bi ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Venice a 1997, bai biyo ta wannan hanya ba. Akasarin fina-finan kaset ɗin nan labarin 'yan daban yakuza ne da ake ta maimaitawa, yau jarumin Sho Aikawa ne, gobe Riki Takeuchi, kuma yadda ake wulaƙanta mata a cikin da yawansu yana ɓata mini rai ƙwarai.

Ɗan Fagge: Hajiya, ƙorafinki kan mata gaskiya ne, sai dai ki dubi fim ɗin ban tsoro Ju-on, wanda Takashi Shimizu ya fitar a kaset a 2000. Gida ɗaya ne na talakawa, da yaro mai fuska fara fat, da mace tana rarrafowa daga bene cikin jini, kuma rashin kuɗi ne ya sa aka dogara da shiru da jira wajen tsorata mai kallo. Labarin ya shiga sinima, har Shimizu ya sake shi a matsayin fim ɗin Amurka a 2004. Mu da muka ga yadda Turmin Danya ya buɗe wa Kano hanya a 1990 mun san abin da kaset ke iya haifarwa.

Hajiya 'Yar Damagaram: Na karɓi Ju-on, ƙanena, har na ƙara maka da Kiyoshi Kurosawa, wanda ya yi fina-finan kaset shida da Aikawa kafin fim ɗinsa na sinima Cure a 1997. Amma Kurosawa ya riga ya zama darakta tun 1983, don haka abin da kaset ya ba shi wurin aiki ne a lokacin da ƙofofin sinima suka yi masa wuya.