"Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai": gargaɗi ne ko mugun baki?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Jama'a ku raba mu. Jiya bayan magariba muka yi sa-in-sa da Yayana a gidanmu na Yakasai. Hawan jini ne ya kwantar da Baba, ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa. Ƙaninsa ma haka aka yi. Na ce Yaya ka daure mu je a auna mu, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sai ya miƙe a fusace, wai fata nake masa. Yau da safe ko gaisuwata bai amsa ba. Ni na ɗora karin maganar a inda bai dace ba ne?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya ka faɗa, amma ka ɗauko mai kaifi. "Ba ya bari" ai kamar an gama yanke hukunci ne. Da ka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, da ya fi haɗiyuwa, don shi akwai abin yi a cikinsa.

Malamin Allo: Ni a ganina ma ba wurinsa ba ne. Doma da Awai garuruwa ne maƙwabta, suna nan a jihar Nasarawa, ba wa da ƙani ba ne. Maganar maƙwabtaka ce, irin amai da gudawa in ya shigo unguwa. In jini ake nufi, sai a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ɗan Kwari: Haba Malam, barewa ai yabo ce. Wa ya taɓa yabon mutum da ciwon ubansa?

'Yar Gwammaja: Ni aikin jinya nake, kullum sai mun tambayi marar lafiya ko akwai mai irin ciwon a danginsu, sai a ce "lafiya lau", daga baya ka ji uwa da kaka duk suga ya cinye su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ciwon ne dole a gada ba, saurin kamuwa ake gada. Wanda iyayensa suka yi hawan jini ya riƙa aunawa tun yana jin garau, don shi ba ya sallama. In awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ga likita. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya.

Jikar Hajiya: Kun tuna min da kakata, Allah ya haskaka kabarinta. A Mandawari aka yi mata aure da ɗan baffanta. Ta haifi tara, huɗu suka koma tun ba su isa shiga makarantar allo ba. Ido ya yi ɗorawa, hannu da ƙafa su kumbura, yaro ya kwana yana ihu da sanyin hunturu. Aka ce wabi take yi, aka ce kishiya ce, har shekara uku ba su ga-maciji da kishiyar. Sai da ta tsufa, aka kai jikanta Asibitin Murtala aka ce amosanin jini ne, aka yi mata bayanin yadda yake. Ta yi shiru, ta ɗauki mayafinta, ta tafi har Fagge ta nemi gafarar kishiyar nan. Daga ranar duk wanda ya zo neman aure gidanmu, kafin a yi zancen sadaki sai ta zaunar da uwarsa ta tambaya: yara nawa kuka binne, kuma me ya ɗauke su? Mutane suka ce tsohuwa ta cika bin diddigi. Takan ce ita ta san nauyin likkafanin jariri.

Uwar Biyu: Allahu akbar. Wallahi na yi hawaye. Allah ya sa can ta fi nan.

'Yar Gwammaja: Amin. In miji AS ne mata ma AS, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini amma ba sa ciwon, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100, ɗaya cikin huɗu ke nan, na zuwa da SS, wato ciwon kansa. Ba wai in ɗaya ya zo da shi sauran ukun sun tsira ba. Shi ya sa a 2024 Kano ta yi dokar gwaji kafin aure.

Mai Adaidaita: Abin da ya ci Doma dai ba ya cin masu jar hula da masu farar hula, su da ciwon kai ma sai Masar ko Landan. Mu ko injin awon jini a asibitin unguwa sai lokacin zaɓe ake ganinsa, da hoton mai gida manne a jiki.

Bakano Sak: Ai su hawan jininsu ranar sanar da sakamako yake tashi.

Malamin Allo: A bar siyasa don Allah. Ɗan Kwari, ka je ka ba Yayanka haƙuri, girma nasa ne. Amma har yanzu ina kan bakana, ba a yi wa 'yan gida ɗaya wannan karin maganar.

Jikar Hajiya: To Malam, 'yan gida ɗaya ba tukunya ɗaya suke ci ba? Wace maƙwabtaka ce ta fi wannan?

Ɗan Kwari: Zan je in ba shi haƙurin da daddare, zan aro abin awon wajen mai kemis ɗin layinmu in fara auna kaina a gabansa. Amma wai ni, mene ne ma ya ci Doman tun asali? Yaƙi ne ko yunwa?

Bakano Sak: Akwai ɗan Nasarawa a nan ya fitar da mu?